Wanzami ba ya son jarfa: shekarar da aka auna ni da lissafin ɗalibaina

A sati na biyu na watan Oktoban 2017, shugabar sashen lissafi ta dawo mini da takardar da na kai mata, ko hannu ba ta sa ba. A saman shafin ta rubuta tambaya ɗaya tak da jan biro: me wannan jarrabawa za ta gaya maka game da yaranka wanda ba ka riga ka sani ba? Na ninke takardar na tura aljihu, na shiga aji na koyar da darasi biyu a jere, amma hankalina yana kan jan rubutun nan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare a Zariya kafin in zo Amurka. Jan biro a hannuna na san shi, ban saba ganin sa a kan takardata ba.

Shekarata ta farko ke nan a wata makarantar gwamnati a jihar New Jersey, an ba ni aji na takwas, wato sa'annin 'yan JSS 2 a gida, 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu. Aji uku nake da su, yara 75. Takardar da ake magana a kai kuwa, kowa a ɗakin malamai da baƙaƙe uku yake kiran ta, SGO. Ma'anarta burin ci gaban ɗalibi: malami ya rubuta tun farkon shekara inda yaransa suke, da inda yake sa ran kai su, da ma'aunin da za a gane ko sun isa. Ƙarshen shekara a dawo a duba, a ba shi maki daga 1 zuwa 4, makin ya shiga cikin sakamakon aikinsa.

Abin yana da asali. A 2009 gwamnatin Obama ta ware sama da dala biliyan 4 ta ce jihohi su yi takara a kai, kuma cikin abubuwan da ake dubawa har da ko jiha tana haɗa awon malami da ci gaban ɗalibansa. A watan Agustan 2012 gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya sa hannu a dokar TEACHNJ, aka fara aiki da sabon tsarin awon a shekarar karatu ta 2013. Dokar ta mayar da lokacin tabbatar da malami a aiki daga shekara uku zuwa huɗu, kuma ko wanda aka tabbatar, in sakamakonsa ya yi ƙasa shekara biyu a jere, kujerarsa tana iya girgiza. Malaman lissafi na aji huɗu zuwa bakwai, jiha ce ke lissafa musu wani maki daga jarrabawarta. Mu 'yan aji takwas ba ma ciki, saboda haka buri biyu ake so kowannenmu ya rubuta. A shekarar nan, kashi 85 cikin ɗari na sakamakona daga shigowar shugabanni aji ne su ga yadda nake koyarwa, kashi 15 daga burin nan biyu. Ranar 31 ga Oktoba ce ranar ƙarshe ta sa hannu.

To me na rubuta da har aka dawo mini da shi? Wani abokin aiki da ya daɗe a harkar ne ya ja ni gefe ya ce kada in wahalar da kaina. Ka ɗauki jarrabawar ƙarshen shekara, ka ba su yanzu. Ba a koya musu komai a ciki ba, za su samu ashirin, talatin. Ka rubuta cewa burinka kowa ya ƙara maki talatin. A watan Afrilu ka sake ba su ita, ko barci suke yi a aji sai sun ƙara. Na ga abin da sauƙi, na yi hakan. Na ba yara jarrabawar abin da ba su taɓa gani ba, na ga yadda wasu suka zuba wa takarda ido na minti arba'in, wata yarinya ta rubuta "ban sani ba" a ƙarƙashin kowace tambaya da kyakkyawan rubutu. Na tattara makin, na cike fom, na kai.

Da na koma ofishin shugabar washegari, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ma ta san wannan dabara, jihar kanta ta daɗe tana ba malamai shawarar su bar dogaro da ita. Ta ɗauko takardun yara biyu daga cikin tarin, dukansu sun samu 20. Ta ce, wannan na san shi tun aji shida, lissafin kai yake yi kafin ka gama rubuta tambaya. Wannan kuma har yanzu da yatsu take ƙirga bakwai sau takwas. Jarrabawarka ta ce su ɗaya ne. Sannan ta ƙara da abin da ban sani ba, cewa matsakaicin makin burin malamai yana shiga sakamakon shugaban makaranta shi ma, kashi 10 cikin ɗari. Wato da ta sa hannu, babu wanda zai yi asara a cikin manya. Na fito ina jin kunya irin ta wanda aka kama da hannu a tukunya, aka kuma ce masa ya zauna a zuba masa a kwano.

Daren nan na kira yayana, wanda ya yi hedimasta shekaru da yawa a gida. Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari. Ya ce, kai ƙanena, wanzami dai ba ya son jarfa. Ku ne kuke auna 'ya'yan mutane kullum, yau an ce a auna ka kana neman hanyar zillewa. Na ce Yaya, ai mu can in sufeto ya zo, littafin tsara darasi yake dubawa da rajista da jadawalin zango, ƙarshen shekara a cike fom ɗin APER na awon aikin ma'aikaci, shi ke nan. Ya ce haka ne, amma tsohon malaminmu na lissafi da ya koyar da mu duka biyu, ai ya san inda kowane yaro yake tuntuɓe ba tare da wani fom ba. Abin da ake so ka rubuta ke nan.

Sai na sake farawa, kuma wannan karon daga manhaja na soma, ba daga jarrabawa ba. Jihar tana da ma'aunan abin da ake so yaro ya iya a kowane aji, kowanne da lambarsa. A aji takwas ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Ƙashin bayan shekarar shi ne lissafin daidaito, irin wanda ake neman darajar x, da daidaito biyu masu haɗuwa a wuri guda, da gane alaƙar abu biyu da ke tafiya a miƙaƙƙen layi da yadda layin yake hawa ko gangara. Wannan ne tsanin aljabarar aji tara. Yaron da ya wuce ba tare da shi ba, duk shekarun sakandarensa da ɗingishi zai yi su. Na ɗauki wannan a matsayin buri na farko. Na biyu na ɗora shi a kan siffofi: ƙa'idar Faisagoras, da juya siffa, da madubinta, da faɗaɗa ta.

Mu uku ne ke koyar da aji takwas, sai shugabar ta ce mu zauna mu yi jarrabawa ɗaya, don kada 3 ɗin wani ya zama 4 ɗin wani. Nan ne aikin ya fi cin lokaci, nan ne kuma na fi ƙaruwa. Muka zana jadawali: layi ɗaya lambar ma'auni, layi ɗaya tambayar da ke gwada shi, layi ɗaya zurfin tunanin da tambayar ke bukata, layi ɗaya makin da aka ba ta. Da muka jera tsohuwar jarrabawar da aka gada a sashen a cikin jadawalin, sai asirinta ya tonu. Yawancin tambayoyin na "warware wannan" ne, a bi matakai a fito da amsa. Ma'aunin kuwa ya ce yaro ya iya gane daidaiton da ke da amsa ɗaya, da wanda ba shi da amsa ko kaɗan, da wanda kowace lamba amsarsa ce. Babu tambaya ko ɗaya a kan wannan. Akwai kuma tambayoyi biyar a kan wani abu da sati ɗaya kacal muke koyar da shi.

Muka yi gardama sosai a kan tambayoyin labari. Na kawo guda: motar haya ɗaya tana karɓar dala 5 da an shiga, sannan dala 2 kowane mil, ɗayar dala 2 da an shiga, dala 3 kowane mil. A wane nisa kuɗinsu zai zo ɗaya, kuma wacce za ka hau in tafiyar mil goma ce? Ɗaya daga abokan aikina ta ce yaranmu da yawa a gida Sifaniyanci suke yi, wasu Larabci, wasu yaren Haiti, za mu auna Turancinsu ne a maimakon lissafinsu. Tana da gaskiya. Amma cire tambayar ma cuta ce, don ma'aunin ya ce a iya amfani da lissafin a rayuwa. Muka tsaya a tsakiya: muka gajarta jimlolin, muka sa ƙaramin jadawalin farashi a gefe, muka kai wa malamar da ke koyar da baƙin yara Turanci ta duba kalmomin. Ta cire mana guda biyu da ko ni sai da na zo ƙasar na san ma'anarsu.

Sai batun inda yara suke a yanzu. Maimakon gwaji ɗaya, abu huɗu na haɗa: makinsu na jarrabawar jiha ta aji bakwai, wadda a lokacin PARCC ce mai matakai biyar, 750 ne makin da ke nuna yaro ya kai inda ake so, sakamakonsu na lissafi na bara, gwajin farko na wannan zango, a kan abin da na riga na koyar, da wani ɗan gwaji na tambaya goma sha biyar da na tsara a kan abin da ya kamata su zo da shi daga baya. Na kuma duba zuwa makaranta da kawo aikin gida a sati shidan farko.

Wannan ɗan gwajin ne ya buɗe mini ido. Na sa 3(x − 4) = 5x + 6 a ƙarshe don in gani. Da yawa sun san matakan, sun san a tara masu x gefe guda. Inda suka faɗi shi ne −12 − 6. Wasu suka ce −6, wasu 6, wasu 18. Matsalar ba aljabara ba ce, lambobin ƙasa da sifiri ne, darasin aji bakwai. Sai kuma lambobi masu kashi, da zarar sun ga rabi ko sulusi a gaban x sai su ajiye fensir. Da jarrabawata ta farko na bi, da zan shekara ina gyara rufi alhali tubalin ƙasa ne ya zaizaye.

Na kasa yaran uku. Masu rauni 23, matsakaita 37, masu ƙarfi 15. Na sa wa kowane rukuni makin da nake so ya kai a jarrabawar ƙarshe: 65, da 78, da 90. Sannan ma'aunina ni kaina: in kashi 85 na rukuni ko fiye suka kai makinsu, 4 ke nan, daga 70 zuwa 84, 3, daga 55 zuwa 69, 2, ƙasa da haka, 1. A kan 65 ɗin nan na fi jinkiri. Hannuna ya rubuta 55 sau biyu ina gogewa. Uwargida tana kallona daga inda take ninke kaya ta ce, Malam, in ɗanka ne a cikin ashirin da ukun nan, nawa za ka so malaminsa ya rubuta? Na bar 65.

Akwai abin da har yau ban gama sasantawa da shi ba a wannan kashi ukun. Ranar da ka rubuta sunan yaro a ƙarƙashin "masu rauni", ka yanke masa wani hukunci, ko da shi bai sani ba. Na kiyaye kada jerin ya fita daga kwamfutata, kuma ban zaunar da su a aji bisa shi ba. Amma ni na sani, kuma ido yana bin abin da zuciya ta sani. Sau da yawa na kama kaina ina jefa tambaya mai wuya gefen masu ƙarfi ba tare da na yi niyya ba.

Ranar 27 ga Oktoba shugabar sashe ta sa hannu, shugaban makaranta ya amince.

Daga Nuwamba zuwa Janairu, minti bakwai na farkon kowane darasi na lambobin ƙasa da sifiri ne. Layin lamba bai yi wa wasu aiki ba, sai na koma abin da na sani daga kasuwa. Ana bin ka bashin dala 12, ka sake cin bashin 6, nawa ake bin ka? Babu yaron da ya ce shida. Wani ma ya ce, ai wannan lissafin mahaifiyata ne a kantin unguwarmu. Da sanyin farkon Janairun 2018 ya zo, wanda ya daskarar da gabashin Amurka, muka yi sati muna lissafi da awon sanyi na garuruwa. Ni da na taso ina ganin hunturun Zariya shi ne ƙarshen sanyi, na zama abin tsokanar aji saboda rigunan da nake jibgawa.

Doka ta ba da dama a gyara buri zuwa 15 ga Fabrairu in wani abu ya canza, da amincewar shugaban gundumar ilimi. Na zauna da shugabar sashe muka duba gwaje-gwajen tsakiya. Yaro ɗaya daga masu rauni iyayensa sun koma wata jiha, aka cire sunansa, saura 74. Masu ƙarfi da matsakaita suna kan hanya. Masu rauni kuwa kusan rabi ne kawai ke kusa da 65. Ta tambaye ni ko ina son a nemi sassauci. Na yi shiru na ɗan lokaci, don ba ni da tabbacin aiki, kuma a jihar zuwa 15 ga Mayu ake sanar da irinmu ko za a sabunta kwantiragi. Amma me ya canza? Ba a ƙara mini aji ba, ban yi jinya ba. Abin da ya canza kawai na ga alamar ba zan kai ba. Na ce a bar shi. Na fara tsayawa da yara takwas zuwa goma a lokacin cin abincin rana, Talata da Alhamis.

Watan Maris ya zo da guguwar ƙanƙara har sau huɗu, aka yi ta rufe makaranta, darasin daidaito biyu ya tsinke a tsakiya sau biyu. Muka yi jarrabawar a farkon Afrilu, mu ukun muka yi musayar takardu, kowa ya duba na ajin wani. Wannan shawarar shugabar ce, kuma na ji daɗinta, don da ni na duba nawa, da akwai wuraren da zan ga "kusan daidai" in ba da cikakken maki.

Ga abin da ya fito a buri na farko. Masu ƙarfi, 13 cikin 15 sun kai 90, ya ba ni 4. Matsakaita, 28 cikin 37 sun kai 78, ya ba ni 3. Masu rauni, 13 cikin 22 sun kai 65, wato kashi 59, ya ba ni 2. Ana auna kowane rukuni da yawan yaransa, saboda haka jimla ta tsaya a 2.91. Burin siffofi ya ba ni 3.3. Makin shiga aji 3.0. Da aka haɗa duka, 3.02, kuma daga 2.65 ake cewa malami ya iya aikinsa. Aka sabunta mini kwantiragi.

Da na dawo gida, halin malamin lissafi ya motsa, na ɗauki fensir. Da na bi shawarar abokin aikina na samu 4 a burin farko maimakon 2.91, bambancin 1.09 ne. A raba biyu tunda buri biyu ne, a ɗauki kashi 15 cikin ɗari na abin da ya rage. Ya zama 0.08. Rashin barcin Oktoba, da goge 55 sau biyu, da shirun da na yi a Fabrairu, duk a kan 0.08 ne. Na nuna wa uwargida, ta ce to da ka yi wannan lissafin tun farko ai da ka huta.

Ba na cikin masu yabon tsarin nan ido rufe. Malami ne ke sa buri, shi ke tsara ma'auni, sau da yawa shi ke duba takardu, kuma wanda zai sa hannu yana da riba in makin ya yi sama. A makarantar da shugaba ba ta da jan biro irin na tawa, fom ne kawai ake cikewa. Kuma lambar 2 da na samu a rukunin masu rauni ba ta san cewa yarinyar nan mai "ban sani ba" ta samu 61 ba, ta warware daidaito biyu ta hanyar zane, ta rubuta bayanin motar da za ta hau da dalilinta. A fom, tana cikin taran da ba su kai ba.

Su taran nan na zauna na bi takardunsu tambaya bayan tambaya a satin ƙarshe. Biyar har yanzu lambobi masu kashi ne ke kayar da su. Biyu sun iya lissafin, fassara labari zuwa daidaito ne ya gagara. Ɗaya ya yi fashin kwana da yawa. Ɗaya kuma ban gano ba, don abin da ya yi daidai a Fabrairu ya kuskure shi a Afrilu. Na rubuta layi biyu-biyu a kan kowannensu, na sa a ambulan, na kai wa mai ba ɗalibai shawara na roƙe ta ta miƙa wa duk wanda zai koyar da su aljabara a aji tara. Ta duba ambulan ɗin ta ce babu fom na wannan, amma za ta kai da hannunta.